Ra'ayinmu: Yadda Ƙaramar Ƙungiya Za Ta Girma Ba Tare Da Ta Watse Ba

Ranar Lahadi bayan La'asar, a wani ajin firamare da aka ara, mutum goma sha ɗaya suna zaune a kan bencin yara, gwiwoyinsu na gogar teburi. Sakatare ya buɗe littafi mai bangon kwali, ya karanta abin da aka tattauna a zaman da ya wuce. Ma'aji ya zaro leda daga aljihun gaba, ya ƙirga kuɗin wata a idon kowa, ya faɗi abin da ya shigo, ya faɗi abin da aka kashe wajen dubo ɗan'uwan da aka kwantar a asibiti. Aka ɗan ja in ja a kan kwalbatin da ya toshe a bakin layi, aka tsayar da Asabar don a yashe shi, aka shafa fatiha kafin ladan ya kira Magariba. Duk wanda ya tashi a unguwanninmu ya san irin wannan zama. Haka ƙungiyar samarin unguwa take farawa, haka ta tsofaffin ɗalibai, haka ta marubuta, ta 'yan ƙwallo, ta matan Islamiyya da ta 'yan kasuwar layi ɗaya.

Abin da yakan biyo baya shi ma sananne ne. Da an yi shekara guda ana tafiya lami lafiya, sai wani ya miƙe ya ce lokaci ya yi da za a buga fom, a buɗe ƙofa ga kowa, a nemi uban ƙungiya mai hannu da shuni, a ƙaddamar da kalanda. Wani kuma ya ce a'a, a bar mu yadda muke, mun san juna, mun yarda da juna. Daga wannan mahaɗa ƙungiyoyi da yawa suke ɗaukar hanyar da ba sa dawowa. Wasu su kumbura su fashe, wasu su ƙanƙance har su bushe. Mun ga ya dace mu auna maganar ɓangarorin biyu, domin kowannensu yana da gaskiyarsa, sannan mu faɗi inda muka tsaya.

Kafin nan, ya kamata a kawar da wani kuskure, wato raina ƙaramin zama. Tarihin Arewa bai goyi bayan wannan raini ba. A farkon shekarun 1940 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e suke haɗuwa suna muhawara a kan al'amuran ƙasa, har da jami'an Turawan mulkin mallaka a zaune. A cikin masu zuwa akwai Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano wanda ya riƙe sakatarenta, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tambayoyin da aka riƙa yi a wurin sun kai har ga yadda ake ƙayyade albashin sarki, kuma ba a daɗe ba aka rufe majalisar. Amma rufe ɗaki bai rufe abin da aka koya a cikinsa ba. Ɗaya daga cikin masu zaman ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957, wani ya zama jagoran talakawa har rasuwarsa a 1983. A Sakkwato ma, a tsakiyar shekarun 1940, Malam Shehu Shagari da abokansa sun kafa tasu ƙungiyar matasa. Irin waɗannan ƙananan da'irori ne suka haɗu suka haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu kafin ta koma jam'iyyar siyasa a 1951. Jam'iyyar NEPU kuwa, da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, mutum takwas ne suka aza tubalinta, cikinsu har da Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Magaji Dambatta da Mudi Sipikin.

A fagen adabi ma haka abin yake. Mudi Sipikin ɗin nan shi ya jagoranci ƙungiyar Hikima ta marubuta waƙoƙi a Kano, kamar yadda Alhaji Aƙilu Aliyu ya jagoranci Hausa Fasaha. A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i suka juya wa sababbin marubutan Hausa baya, ƙananan ƙungiyoyi ne suka ɗauki nauyin. Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino, Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu suke cikin jiga-jiganta, tare da Kukan Kurciya da Jigon Hausa, su suka riƙa haɗa marubuta suna taimakon juna wajen bugu da talla, har kasuwar littafi ta Kano ta tsaya da ƙafarta. Sunan Raina Kama kansa ya ishe mu darasi. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ita ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin mafarin masana'antar da yau take ciyar da dubban gidaje. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta fara da rumfa da lasifika. Sun fara ne da mutane 'yan kaɗan da suka san abin da ya tara su.

To, me masu son a faɗaɗa suke cewa? Hujjarsu ta farko ita ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuɗin wata na mutum goma zai kai ɗan'uwa asibiti, amma ba zai gina rijiyar burtsatse ba, ba zai biya wa marayu talatin kuɗin jarrabawa ba. Aikin da ya fi ƙarfin aljihu goma dole ya nemi aljihu ɗari. Hujja ta biyu ita ce murya. Shugaban ƙaramar hukuma zai iya barin mutum biyar a kan benci tun hantsi har azahar, amma wasiƙa mai ɗauke da sa hannun mutum ɗari uku ba ta kwana a aljihun masinja. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma wannan gaskiya ce da ƙungiyoyin mata Musulmi suka gane sa'ad da suka haɗu a Minna a 1985 suka kafa FOMWAN, Hajiya Aisha Lemu ta zama Amirarta ta farko. Abin da kowace ƙungiya ba za ta iya ita kaɗai ba, inuwa ɗaya ta sa ya yiwu: makarantu, asibitoci, da kujera a teburin da ake yanke shawara.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi a wurinmu. Ƙungiyar da ba ta karɓar sabon jini tana tsufa tare da waɗanda suka kafa ta. Wannan ya yi aure, wancan an yi masa canjin wurin aiki, wani ya tafi ci-rani, wani Allah ya karɓi abinsa. Goma sha ɗaya ta koma bakwai, bakwai ta koma huɗu, sai a wayi gari littafin nan mai bangon kwali yana ƙarƙashin katifar sakatare, gara na cin gefensa. Ban da haka, zaman da kullum fuskoki ɗaya ne yakan koma majalisar hira. Kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai faɗa tun bai buɗe baki ba, babu mai kawo sabon tunani, babu mai tambayar da za ta tayar da barci. Akwai ma haɗarin ƙungiya ta zama ta 'yan gida ɗaya ko 'yan aji ɗaya, matashi ya leƙo ya ga babu wurinsa ya juya.

Masu cewa a tafi a hankali su ma ba da ka suke magana ba. Sun ga abin da ya faru da wasu. Mu ma mun gani. An buga fom, an sayar da ɗari biyu a wata guda. An kafa rumfuna, an yi hayar kujeru, an gayyato babban baƙo na musamman da babban mai ƙaddamarwa, maroƙi yana shelar alkawuran gudummawa, ana tafi. Bayan sati biyu sai mai rumfa ya zo karɓar cikon kuɗinsa, alkawuran kuwa ana ta sintiri a ƙofar gidajen waɗanda suka yi su. A zama na gaba, cikin suna ɗari biyu da ke rajista mutum tara suka zo, huɗu daga ciki tambayar da ta kawo su ita ce ina kuɗin da aka tara. Daga ranar, zancen kwalbati da marayu ya kau, ya koma zancen wa ya ci, wa bai ci ba. Wannan shi Bahaushe yake kira taron tsintsiya ba shara.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Abin da yake riƙe ƙaramar ƙungiya shi ne kunya da sanayya. Mutum yana biyan kuɗin wata ne don ya san gobe zai haɗu da ma'aji a masallaci. Yana fitowa aikin gayya ne don in bai fito ba za a ga gurbinsa. Da zarar an yi yawan da ba a gane wanda ya zo da wanda bai zo ba, wannan igiya ta tsinke, kowa ya jingina da cewa wani zai yi. Masanin nan na Ingila, Robin Dunbar, ya yi ƙiyasin cewa mutanen da ɗan Adam yake iya riƙe sanayya ta gaskiya da su ba su wuce kimanin 150 ba. Wannan iyakar sanayya ce kawai. Zaman da ake so kowa ya sami damar magana a saurare shi, tsakanin La'asar da Magariba, iyakarsa ta yi ƙasa da haka nesa. Matan da suke adashe sun riga kowa sanin wannan: uwar adashe ba ta ɗaukar wadda ba ta san ƙofar gidanta ba, domin zubi ɗaya da ya maƙale yana iya rusa kwasar kowa.

Sai kuma babbar barazana, wato masu zuwa da wata manufa. Ƙungiya mai suna ɗari biyar a takarda kadara ce a idon ɗan takara. Zai zo da buhunan shinkafa, da riguna masu hotonsa, da alkawarin ofis. Ranar da aka karɓa, ranar ƙungiya ta rabu biyu, domin ba kowa ne ɗan jam'iyyarsa ba. Bayan zaɓe shi ya wuce, ya bar 'yan unguwa ɗaya ba sa ga maciji da juna. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga wani salon wannan. Samariya tsohuwar al'ada ce ta haɗa matasan gari don aikin gayya da hidimar jama'a. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, gwamnati ta rungume ta, ta shimfiɗa ta a faɗin ƙasa, ta yi amfani da ita wajen ayyukan raya ƙasa. Ta yi girma, ta kuma yi ayyuka. Amma da yake ƙarfinta ya koma hannun hukuma, da zamanin ya juya sai ta yi sanyi, matasan Damagaram da Yamai suka koma kafa fada-fadarsu, wato majalisun hira, a bakin titi, inda su suke da ta cewa. Abin da aka ɗaga da hannun wani, ranar da ya janye hannunsa ƙasa zai dawo.

Da muka ɗora hujjojin nan a kan sikeli, abin da muka gani shi ne ɓangarorin biyu suna tsoron mutuwa iri biyu ne, kuma duka biyun suna kashewa. Saboda haka tambayar a girma ko kada a girma ba ita ce ta dace ba. Dole a girma. Abin dubawa shi ne da me za a girma, da wane sauri, kuma in an cika tabarma ina za a shimfiɗa ta biyu.

Manomin fadama yana da amsar. Yakan yafa irin albasa a ɗan ƙaramin gado, ya yi ta ban ruwa har ya tsiro. In ya bar shi cunkushe a nan, babu wanda zai yi kai. In ya cire shi tun bai yi ƙwari ba, rana ta ƙone shi. Sai ya jira ya kai munzali, sannan ya cira ya dasa a wasu gadajen, kowane da tazararsa. Haka wata ƙungiyar tattaunawa ta yi a Amurka tun kafin ƙasar ta sami 'yanci. Benjamin Franklin ya kafa ta a birnin Filadalfiya a 1727, sunanta Junto, suna zama kowace Juma'a da dare, kuma sun tsayar da adadinsu a kan goma sha biyu. Da masu son shiga suka yi yawa, Franklin bai yarda a ƙara kujeru ba. Ya ba da shawarar kowane ɗan ƙungiya ya je ya kafa irinta da wasu mutanen, a kan ƙa'idoji iri ɗaya, kuma biyar ko shida suka kafu. Daga cikin wannan ƙaramin zama ne aka sami ɗakin karatu na haɗin gwiwa a 1731. Dashe ke nan, ba cunkoso ba.

A kan haka, ga matsayinmu.

Na farko, a fara da aiki kafin suna. Ƙungiyar da ba za ta iya faɗin abin da ya tara ta a cikin jimla ɗaya ba, ba ta shirya karɓar kowa ba. Mu karanta littafi ɗaya kowane wata mu tattauna shi. Mu yashe magudanun unguwarmu kafin damina. Mu koya wa yara ashirin karatu da yamma. Aiki guda, a yi shi har a ga ƙarshensa. Kwalbatin da aka yashe ya fi kalanda dubu kiran mutane, kuma wanda aiki ya jawo, aiki zai yi. Wanda shinkafa ta jawo, ranar da ta ƙare zai tafi.

Na biyu, a tsayar da rana da wuri, kada a saɓa. Zumunta a ƙafa take. Ko mutum huɗu ne suka zo, a buɗe zama a kan lokaci, a rubuta, a rufe a kan lokaci. Zaman da ake ɗagawa saboda shugaba ya yi tafiya, ya nuna ƙungiyar ta mutum ɗaya ce. Kuma a tsare haƙƙin magana. Shugaba nagari shi ne wanda zai lura da ƙaramin da ya yi shiru a ƙarshen benci ya ce masa, Malam, ba mu ji ta bakinka ba. Ya kuma iya ce wa dattijon da ya riƙe zance, Baba, a yi haƙuri a ba wasu dama. Inda mutum uku suka mallake baki, sauran ƙafarsu za ta ɗauke a hankali ba tare da sun yi sallama ba.

Na uku, a rubuta ƙa'ida tun ana dariya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shafi biyu sun isa: wa zai iya shiga, nawa ne kuɗin wata, mene ne hukuncin wanda ya yi fashin zama uku ba uzuri, yaya ake sasanta saɓani, shekara nawa shugaba zai yi. Dokar da aka rubuta bayan rigima ta ɓarke, kowa zai ce don shi aka yi ta. Muna ba da ƙarfi a kan wa'adi. Wanda ya kafa ƙungiya yana da haƙƙin girmamawa har abada, amma ba shi da haƙƙin kujera har abada. Ya sauka da ƙafarsa ya koma cikin iyayen ƙungiya, ya ga wani ya riƙe tun yana raye yana gyara masa.

Na huɗu, kuɗi a fili. Mafi yawan ƙungiyoyin da muka ga sun watse, ba sata ce ta watsa su ba, zargi ne, kuma duhu ke haifar da zargi. A karanta shiga da fita a kowane zama. A ba da rasit ko na naira ɗari ne. Wanda yake riƙe kuɗi daban, wanda yake rubuta su daban. In an buɗe asusun banki, kada a fitar da ko kwabo sai da sa hannun mutum biyu. Wannan ba rashin yarda da ma'aji ba ne, kare mutuncinsa ne.

Na biyar, ƙofa a buɗe, amma da dokin ƙofa. Sabon shiga ya zo ta hannun ɗan ƙungiyar da zai tsaya masa, ya halarci zama uku, ya fito aiki ɗaya, sannan a rubuta sunansa. In ya shigo kuma, a ba shi abin yi tun a watan farko, domin baƙon da aka bari a zaune baƙo zai ci gaba da zama. A nemi matasa da gangan. A nemi mata da gangan, ko a mara musu baya su kafa nasu reshen da shugabancinsu da asusunsu, a lokacin da ya dace da hidimar gidajensu.

Na shida, kada a yi gaggawar rajista, kada kuma a guje ta. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin haɗuwa da kafa ƙungiya, don haka ba a buƙatar takardar kowa kafin a fara zama. Amma ranar da ƙungiya za ta mallaki fili, ko ta karɓi tallafi mai nauyi, to ta je Hukumar Rajistar Kamfanoni ta yi rajistar amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Za a nemi kundin ƙa'idojinta da sunayen amintattu, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan kowace shekara a kai rahoto. Nauyi ne, kuma shi ya sa muke cewa a bari sai wuya ya yi ƙwari. Filin ƙungiya da aka rubuta da sunan mutum ɗaya, gado ne ake tara wa 'ya'yansa ba a sani ba.

Na bakwai, a karɓi gudummawar kowa in babu igiya a jikinta, amma kada a sayar da rajista ga ɗan takara. Kowane ɗan ƙungiya yana da 'yancin jam'iyyarsa a waje. In ya shigo zama, ya bar ta a inda ya bar takalminsa.

Hukuncinmu shi ne, masu son girma sun yi gaskiya a kan manufa, masu son a bi a hankali sun yi gaskiya a kan hanya. Ƙaramar ƙungiya ta girma, amma da saurin da za ta iya sanin sunan kowane sabon shiga da ƙofar gidansa. In zama ya kai yadda wasu ke tashi ba su ce uffan ba, lokacin dashe ya yi: a buɗe reshe a unguwa ta gaba, a ba su kwafin ƙa'ida da sabon littafi, a riƙa haɗuwa gaba ɗaya sau ɗaya ko biyu a shekara don aikin da ya fi ƙarfin reshe guda. Ta haka za a sami muryar yawa ba tare da an rasa kunyar sanayya ba.

Kiranmu ga mutum goma sha ɗayan da ke kan bencin yara a wannan Lahadin shi ne, kada ku raina kanku, kada kuma ku yi gaggawa. Ku yashe kwalbatin nan ranar Asabar kamar yadda kuka tsayar. Wanda ya tsaya ya karɓi shebur daga hannunku ba tare da an roƙe shi ba, shi ne na goma sha biyunku.